Sa'ad Da Ido Ya Dushe: Ina Iyakar Haƙuri?

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu duk lokacin da ganin wani dattijo ya fara raguwa. Mukan ce, "Baba, sai haƙuri, tsufa ne." Shi ma dattijon yakan amsa da cewa haka ne, ya ja kujerarsa zuwa inuwa, daga nan kuwa zancen ya ƙare. Maganar tana da daɗin ji, gama haƙuri hali ne mai daraja, kuma babu mai musun cewa jiki yana gajiya da shekaru. Amma ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: a wane lokaci ne wannan magana take zama gaskiya, a wane lokaci ne kuma take zama mayafin da ake rufe sakaci da shi? Ba za mu iya ba da amsa ba sai mun fara sanin abin da shekaru suke yi wa ido, domin abubuwa dabam dabam ne muke tarawa mu ba su suna ɗaya.

Bari mu fara da abin da ke kan kowa. A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya inda haske yake shiga, akwai wani ɗan madubi garau, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba. A lokacin ƙuruciya yana da taushi. Idan muka dubi abu na kusa, wata 'yar tsoka da ke kewaye da shi takan sa ya ƙara kauri, idan kuma muka ɗaga kai muka dubi nesa sai ya koma yadda yake. Tun muna yara wannan madubi yake taurarewa a hankali, ba tare da mun sani ba. Yaro ɗan shekara 10 yana iya ganin rubutu sarai ko da bai kai santimita 10 daga idonsa ba. Tsakanin shekara 40 da 45, mutum yakan lura cewa sai ya miƙa hannu ya nisantar da takarda kafin baƙaƙen su fito. Zuwa shekara 60, wurin da ido yake iya tsayar da abu sarai ya kai kusan mita 1, watau ya wuce tsawon hannu. Har wa yau, baƙin idon yana ƙanƙancewa, madubin kuma yana yin rawaya-rawaya, har hasken da ke isa bayan idon mai shekara 60 yakan zama wajen kashi 1 cikin 3 na wanda ke isa bayan idon mai shekara 20. Shi ya sa kaka take neman a ƙara mata fitila a ɗakin da jikokinta suke gani lafiya lau.

A nan kam maganar "tsufa ne" gaskiya ce. Wannan canji ba cuta ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa hukuncin wani laifi ba ne. Yana samun sarki da talaka, mai karatu da wanda bai taɓa riƙe littafi ba. Babu abinci ko addu'a ko maganin ɗigawa da zai mayar wa madubin taushinsa na ƙuruciya. Duk da haka, abin da zai cike gurbin ya fi shekara 700 a hannun mutane. An fara yin tabarau a arewacin Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 13. A shekara ta 1306 wani mai wa'azi ɗan ƙungiyar Dominikan, Jordano na birnin Pisa, ya faɗa wa masu sauraronsa cewa ba a cika shekara 20 da gano wannan sana'a ba. Tarihin gidan addu'arsu na Pisa ya kuma ajiye labarin wani ɗan'uwansu, Alesandro dela Spina, wanda ya ga cewa mutumin da ya fara yin tabarau ba ya so ya bayyana asirin, sai ya koyi yin su da kansa, ya kuma koya wa duk mai so da farin ciki. Tun daga ranar farko ke nan, tambayar da ke kan tabarau ita ce ko wanda ya samu zai raba da wanda bai samu ba.

Tambayar tana nan har yanzu. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekara ta 2019, ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne suke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya hana raunin ko kuwa ba a kula da shi ba tukuna. Mafi yawan waɗannan, wajen mutum miliyan 826, ba abin da suke bukata sai tabarau na ganin kusa. Wani zai ce, "Ai Mama ba ta karatu, me za ta yi da tabarau?" Wanda ya faɗi haka bai lura da aikin Mama ba. Da ganin kusa take zura zare a allura, da shi take tsince tsakuwa daga shinkafa, da shi take ƙirga canji a kasuwa, take bambanta ƙwayar magani da 'yar'uwarta, take cire ƙaya daga ƙafar jikanta. A shekara ta 2018 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Asam ta ƙasar Indiya, waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama. Waɗanda aka ba tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka da fiye da kashi 20 cikin 100. Tela da maƙeri da mai gyaran waya da mai saƙar hula duk suna cikin irin wannan hali. Sau da yawa mukan ga gwanin sana'a ya ajiye aikinsa yana da shekara 50, mu ce ƙarfinsa ya ƙare, alhali hannunsa da basirarsa suna nan daram.

Abu na biyu shi ne yanar ido. Wannan madubin da muka ambata yakan fara yin hazo, kamar gilashin fitilar da hayaƙi ya rufe. Da farko mutum yakan ga kamar hazon hunturu ya sauka, hasken mota da dare yana kashe masa ido, launuka suna koɗewa. Daga baya baƙin idon yakan koma fari, har mutum ba ya bambanta kome sai haske da duhu. Lalle shekaru ne suke kawo ta ga yawancin mutane, ko da yake ciwon sukari da shan taba da bugun ido suna gaggauta ta. Amma makanta ce da ake warkarwa. Tun shekara ta 1949 wani likita a birnin Landan, Harold Ridley, ya fara sa madubin roba a gurbin wanda ya yi hazo. A yau aikin ba ya cika ɗaukar fiye da rabin sa'a, ba a sa mutum barci, ana kashe zafin idon ne kawai, kuma da yawa sukan fara gani washegari da aka buɗe bandeji. Ana yin wannan aiki a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda yake aiki tun shekara ta 1943, da asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi da yawa.

To, me ya sa gidajenmu suke cike da tsofaffi masu farin ido? Binciken makanta da aka yi a dukan Nijeriya daga shekara ta 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa fiye da mutum 4 cikin kowane 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, watau mutum fiye da miliyan 1 a lokacin. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, kuma kashi 84 cikin 100 na dukan makantar irin wadda ake iya hanawa ce ko warkarwa. Matsalar ta fi tsanani a arewa. Binciken ya kuma gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, waɗanda suke soka tsinke su tura madubin ya faɗa cikin ido. Kusan 3 cikin 4 na irin waɗannan idanu an same su a makance. Iyalan da suka kai iyayensu wurin masu tsinke ba mugunta ce ta kai su ba. Mai tsinke ne yake zuwa har ƙofar gida, yana karɓar akuya ko hatsi, asibiti kuwa yana da nisa. Amma sakamakon yana koya mana cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan babu sani tare da ita.

Abu na uku ya fi duka haɗari domin ba ya sallama. Shi ne wanda likitoci suke kira gilokoma, mutane kuma suke ce masa hawan jinin ido. Jijiyar da take kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa ce take mutuwa kaɗan kaɗan, sau da yawa saboda ruwan cikin ido ya matsa mata. Irin da ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ido kuma ba ya canja kama. Gani yana raguwa ne daga gefe, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta ramin kara, kuma kafin ya lura an riga an yi babbar asara. Ya fi kama baƙar fata, yana kama mu da wuri, yana kuma bin jini a cikin iyali. A binciken nan na ƙasa shi ne na biyu bayan yana, da wajen kashi 17 cikin 100 na makanta. Abin da ya ci ba ya dawowa. Amma idan an gano shi da wuri, maganin ɗigawa na kullum ko aiki yana iya tsare abin da ya rage. Haka nan ciwon sukari yake lalata jijiyoyin jini na bayan ido a ɓoye. Don haka duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a duba masa ido ko da ba ya jin kome, balle wanda uwarsa ko ubansa ya makance ba tare da farin ido ba.

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu. Mun ga cewa cikin abubuwan nan uku, na farko tabarau ne maganinsa, na biyu aikin rabin sa'a, na uku kuwa bincike a kan kari. Saboda haka wurin da haƙuri ya rage shi kaɗai, babu wani abin yi, ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da yadda muke amfani da kalmar. Haƙuri na gaskiya shi ne ɗaukar abin da ba a iya sakewa ba tare da ɗacin rai ba, bayan an yi abin da ake iyawa. Akwai kuma wani abu a kan haƙuri da ya kamata mu riƙe: na mai ɗauke da kayan ne. Dattijon da ya ce zai yi haƙuri da duhunsa ya yi magana a kan abin da yake nasa. Amma ɗan da yake da kuɗin mota zuwa Kano, ya ce wa mahaifinsa ya yi haƙuri, ya ba da kyautar abin da ba nasa ba ne, kuma shi ne ya ci ribar kyautar. Doka ta huɗu, wadda ta umarce mu a kan girmama iyaye, ba ta tsaya ga durƙuso da gaisuwar safe ba. Ikklisiya tana koyar da cewa ta haɗa da taimakon iyaye da abin hannu a lokacin tsufa da rashin lafiya.

Akwai masu jin cewa neman magani ga tsoho kamar jayayya ce da nufin Allah. Littafin Tobit ya amsa wannan tun da daɗewa. Tobit mutum ne mai adalci, wanda farin abu ya rufe masa idanu har shekaru, ya kuma yi addu'a. Sa'ad da taimako ya zo, ta hannun ɗansa Tobiya ya zo, bayan doguwar tafiya, da maganin da aka koya masa a hanya. Mala'ika ya nuna, amma ɗan ne ya yi tafiyar, shi ne kuma ya sa hannu. Darasin ba a kan irin maganin yake ba, gama ɗiga ruwan ganye ko fitsari ko wani abu da likita bai bayar ba ya makantar da idanu da yawa da za su warke. Darasin shi ne cewa addu'ar uba da tafiyar ɗa ba sa gāba da juna.

Ba za mu ɓoye cewa akwai magana mai nauyi a ɗaya gefen ba. Magidanci zai ce, "Ga kuɗin makarantar yara, ga taki, ga hatsi ya yi tsada. In sayar da akuya domin idon tsohuwar da ta haura 70, ko domin yaron da rayuwarsa take gaba?" Wannan ba tambayar mugu ba ce, kuma babu wanda ya isa ya yi wa matalauci gori a kanta. Amma lissafin bai cika ba. Idan tsohuwa ta makance, wani ne zai zama idonta, kuma yawanci jika ne, sau da yawa 'ya mace, da za a cire daga makaranta ta zama 'yar jagora. Matar gida za ta rage zuwa gona da kasuwa. Tsohuwar da take renon yara da tsare gida ta koma wadda ake reno. Makantar mutum ɗaya tana cin aikin mutum biyu shekara da shekaru, aikin yana kuwa sau ɗaya ake biya. Bayan wannan ma, ranar da muka fara auna darajar mutum da yawan shekarun da suka rage masa, mun kafa ma'aunin da 'ya'yanmu za su auna mu da shi. Idan kuwa gida ɗaya ya kasa da gaske, to nauyin ya koma kan dangi da jama'ar masu bi. Mu da muke iya haɗa kuɗin jana'iza cikin kwana 2, ba za mu rasa yadda za mu haɗa kuɗin ido cikin wata 2 ba.

Wani lokaci kuma dattijon ne da kansa yake ƙi. Yana tsoron wuƙa, ko ya ga maƙwabcin da aka taɓa bai warke ba, ko kuwa ba ya so ya zama kaya a kan 'ya'yansa, sai ya ce ya riga ya ga duniya. Ba daidai ba ne a ɗauke shi da ƙarfi kamar yaro, gama idon nasa ne. Amma ba daidai ba ne kuma a karɓi "a'a" ta farko da sauri domin ta yi mana sauƙi. A kawo masa tsaransa da aka yi wa aiki ya warke, su zauna su yi hira. A gaya masa a fili cewa an riga an tanadi kuɗin, kuma ba a hana kowa abinci ba. In ya ji duka ya ce a bar shi, sai a girmama maganarsa. Su ma masu shekaru suna da nasu hakki. Direban da ya san hasken dare yana kashe masa ido, ya ci gaba da ɗaukar fasinja domin kada a ce ya tsufa, yana wasa da ran mutane. Mai karanta wa jama'a da yake tuntuɓe a kan kalmomi domin yana jin kunyar tabarau ya fifita kamanninsa a kan masu sauraro. Amincewa da cewa ido ya canja wani sashi ne na tawali'u.

Sauran waɗanda ganinsu ya tafi ba zai dawo ba. A gare su ne haƙuri yake da cikakkiyar ma'anarsa, mu kuma bashin da suke bin mu ya ƙaru. Na farkon bashin shi ne gaskiya. Mun san labarin Ishaku a Littafin Farawa, yadda idanunsa suka dushe da tsufa, matarsa da ƙaramin ɗansa suka yi amfani da wannan suka karɓi albarkar da ya shirya wa babban. Abin da ya biyo baya shi ne gāba tsakanin 'yan'uwa da gudun hijira na shekara 20. Irin wannan yana faruwa duk lokacin da aka kama yatsan tsoho aka dangwala a takardar gona ba tare da an karanta masa abin da ke ciki ba, ko aka karɓo kuɗin fanshonsa aka ba shi rabi. Wanda ba ya gani ya danƙa amanarsa ga bakinmu, cin wannan amana kuwa ya fi satar dare muni. Bayan gaskiya sai ladabi na yau da kullum. Mu faɗi sunanmu sa'ad da muka shiga wurinsa, mu kuma sanar da shi sa'ad da za mu fita, kada ya ci gaba da magana da bango. Kada mu kawar da butarsa ko sandarsa daga inda ya ajiye. Mu ba shi hannunmu ya riƙe, maimakon mu ja shi. Mu yi magana da shi kai tsaye, ba da ɗan jagoransa ba. Fiye da kome, kada mu daina neman shawararsa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan hange ba da ƙwayar ido ake yin sa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da muke roƙo. A wannan wata kowane gida ya dubi tsofaffinsa da kyau. Wanda yake nisantar da abu kafin ya gani, a kai shi a gwada masa tabarau. Wanda baƙin idonsa ya fara fari, a kai shi asibitin ido, kada a jira mai tsinke. Wanda ya kai shekara 40, ko yake da ciwon sukari, ko akwai makanta a danginsa, ya je a auna masa ido ko da yana gani sarai. Zumuntar mata da ta maza da ƙungiyar matasa su san sunayen tsofaffin da suka daina fitowa, su bincika ko ido ne ya tsare su a ɗaki, su kuma kasa kunne ga sanarwar aikin ido na kyauta ko na rangwame da akan yi lokaci lokaci. Sa'ad da muka yi waɗannan duka, likita kuma ya ce babu sauran abin yi, a ranar ne za mu iya zama kusa da Baba mu ce masa sai haƙuri, shi kuma ya san cewa ba gudunsa muke yi ba. Allah ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, ya ba mu kuma zuciyar kula da su. Amin.